Kawu Ya Ce To

Tun da na dawo gida, duk wanda ya zauna da ni a Kwarbai sai ya jefo mini tambayar nan: wai da gaske ne a Amurka ba a sayen ƙuri'a? Da farko ina zama in yi dogon bayani. Yanzu dariya kawai nake yi, wadda ba ta kai ciki ba, in ce gaskiya ne, ba sa saye. Saye ai sai da biya, su kuwa waɗanda na gani ko sisi ba sa ba mai ƙuri'ar.

A nan mai neman ƙuri'arka yana da fuska. Zai zo har zaure, ya durƙusa wa tsohonka, ya ajiye katan ɗin taliya da turmin atamfa, kai kuma ka ce masa, “To, Allah ya ba da sa'a.” Wannan “to” ɗin babu wanda ya taɓa kai wani kotu a kanta. Shi ya san ba alkawari ka yi masa ba, kai ma ka san ya sani. Ka dai sallame shi da mutuncinsa, ranar zaɓe ka dangwala wa wanda ranka ya so. Da wannan tarbiyyar muka tashi a cikin birni, da ita kuma wasunmu suka haye teku.

Ni karatun aikin jinya ya kai ni wani birni da ke bakin teku a yammacin ƙasar. Masaukina na farko wani ɗan ƙasarmu ne ya sama mini, mijin ƙawar wata ƙawata, mutumin da bai daɗe da barin gida ba amma har ya fara magana ta hanci. A waya ya ce mini ɗaki ne mai zaman kansa, ga iska, ga sarari. Da na isa na tarar gareji ne, an jefa katifa a gefen injin wanki. Sarari kam akwai, don bango guda na ɗakin ƙofa ce mai ɗagawa sama. Duk lokacin da mai gidan ya tuna da wata guduma ko tayar keke sai ya danna abin hannunsa, bangon ya tashi, in ga ni ga titi. Da hijabi nake kwana. Da na yi wa ɗan ƙasar tamu ƙorafi sai ya ce in yi haƙuri, haka kowa ya fara. Daga baya na ji ashe yana da nasa kason a hayar.

Na yi kuka a garejin nan ba kaɗan ba. Abubuwan da ban taɓa ɗauka da daraja ba su suka riƙa taso mini: ƙarar turmi daga gidan maƙwabta, ƙaurin daddawa, rigimar masu keke napep a Ƙofar Jatau kan canji. Wata rana ina waya da Inna, mahaifiyata, bangon ya ɗaga, ta ji na yi salati. Ta tsare ni da tambaya har na faɗa mata gaskiya. Washegari da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya, wani dattijo dogo mai hula zanna bukar ya fito, ya dubi garejin, ya dube ni.

“Ke ce Kulun Mairo?”

“Ni ce, Kawu.”

“Ɗauko kayanki. Ko akuya ba na ɗaurewa a nan.”

Kawu Tanimu yayan Inna ne. Ya bar Zariya tun ba a haife ni ba, ya tuƙa motar bas ta gari har ya yi ritaya, ya zama ɗan ƙasa, matarsa ta rasu a can, 'yarsa ɗaya tana aure a wata jiha mai nisa. Ni kunya ce ta hana ni nemansa tun farko, kada in ɗora wa tsoho nauyi. Gidansa ciki biyu ne da falo a saman wani tsohon bene na haya. A barandar ya shuka yakuwa a bokitai, yana lallaɓa ta kamar jariri. Ranar da na sauka ya yi mini fate da hannunsa. Na ci ina hawaye, ya yi kamar bai gani ba.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wata tsohuwa, Rosa, 'yar asalin kudancin nahiyar, gajera mai faɗa. Ita ta koya mini layukan bas, ta ba ni rigar ruwan marigayin mijinta, ta riƙa kawo mana miyar wake bayan ta rantse da giciyenta babu alade a ciki. Ita da Kawu sun tsufa a benen nan tare, kullum cikin musu suke, kullum kuma sai ya sauke mata shara.

Aibin Kawu ɗaya ne: ya yarda da ƙasar nan fiye da 'ya'yanta. In ana labaran zaɓen gida sai ya girgiza kai.

“Ki duba, Kulu. Mutum da hankalinsa ya sayar da shekara huɗu kan taliya. Nan ba haka ba ne. Nan har doka talaka ke yi da hannunsa.”

Wannan kam gaskiya ya faɗa. A jihar ba mutane kaɗai ake zaɓa ba, har tambayoyi ake sawa a takardar ƙuri'a. In jama'a suka tara sa hannu da yawa, sai a rubuta dokar da suke so, kowa ya ce e ko a'a, in e ta yi rinjaye ta zama doka. Na yaba tsarin ƙwarai da na fara jin sa. Ban san duk mai iya biyan masu yawon tara sa hannu shi ma talaka ba ne a wannan lissafin.

Shekarata ta biyu wani kamfani ya sayi benenmu, da wanda ke gefensa, da rabin layin. Ba mu taɓa ganin mai shi ba. Kamfanin na wani kamfani ne, shi ma na wani, har hankali ya ɓace. Abin da muka gani fenti ne sabo a ƙofar shiga, sai ƙarin kuɗin haya. Kawu da fansho yake rayuwa. Ƙarin farko ya ɗauke shi da ƙyar, ya daina sayen nama sai Juma'a. Mun san in aka sake yin irinsa, gidan ya fi ƙarfinsa.

Rosa da wasu 'yan haya suka tashi tsaye. Suka bi kasuwanni da tashoshi da ƙafafunsu masu ciwo, suka tara sa hannu, har aka amince a sa tambayarsu: a ƙayyade yadda mai gida zai iya ƙara haya a shekara. Kawu ma ya zaga masallaci ya samo musu mutane. Murna muke, muna ganin an gama.

Sai ga tambaya ta biyu ta ɓullo. Kamfanonin gidaje ne suka haɗa kuɗi suka sa ta, suka raɗa mata suna mai daɗi, wai dokar kare dattawa 'yan haya. A cikinta akwai ɗan tallafi ga tsofaffi ƙalilan, amma babu ƙayyade haya, kuma an rubuta cewa in ta fi ta 'yan haya ƙuri'a, ta 'yan hayar ta mutu. Ba ɓoye wannan suka yi ba, yana nan ga duk mai son karantawa. Sun dai tabbatar babu wanda zai samu shirun da zai karanta.

Ban taɓa ganin ɓarin dukiya irin na watannin nan ba. Ka kunna talabijin, ga wata tsohuwa mai farin gashi tana share hawaye tana roƙon a ce e. Ka kunna rediyo, ga ta. Akwatin wasiƙunmu kullum cike da kwalaye masu ƙyalli. Ina sauraron karatun Alƙur'ani a waya, sai a katse a sako mini wani ƙato da kayan 'yan kwana-kwana yana cewa shi ma e zai ce. A ƙasan kowace talla, da rubutun da sai ka ƙanƙance ido, an ce wata ƙungiyar maƙwabta ce ta biya. Maƙwabtan da ba su da layi, ba su da lambar gida, amma suna da kuɗin da zai gina unguwa guda. Su Rosa kuwa takardu suke bugawa baƙi da fari a shagon wani ɗan'uwanta, ruwan sama yana jiƙa su a jikin turakun lantarki.

Wata Asabar bayan azahar aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wata baturiya ce yarinya, da jaka a kafaɗa da murmushin da aka koya mata a ofis. Tun kafin a ce mata komai ta tuɓe takalmanta, ta dafa ƙirji ta ce, “Salamu alaikum.” An yi musu bita, har sun san wane bene Musulmi ke ciki. Kawu ya narke nan take.

“Ikon Allah. Kin ga 'yar mutunci. Kulu, kawo mata shayi.”

Ta zauna a gefen kujera tana yaba yakuwarsa, tana tambayar tsawon zamansa a gidan. Ya ba ta labari har da na marigayiya. Sai ta shiga bayanin dokar kare dattawa. Da na ajiye shayin na ce masa da Hausa, ina murmushi don kada ta gane, “Kawu, wannan fa ta kamfani ce.”

“Na sani,” ya ce, shi ma yana murmushi. “Kin ɗauka yau aka haife ni? Baƙuwa ce, ta tako har nan. Sallamarta zan yi.”

Duk abin da ta faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce, “Oke.” Kawu ya daɗe da fassara “to” ɗinmu zuwa “oke”, haka yake ce wa likita, haka yake ce wa Rosa in ta ishe shi. Ta ce ai yana son dattawa su zauna a gidajensu? Oke. Zai so a kare irinsa? Oke. Za ta iya ɗaukar hotonsa a bakin barandar nan mai kyau? Ya gyara hula, ya tsaya. Daga ƙarshe ta miƙo masa 'yar kwamfutar hannu, ta ce ya sa hannu da yatsa, shugabanta ya ga ta yi aiki.

“Kawu, kada ku sa.”

“Haba Kulu. So kike a hana yarinya haƙƙinta? Ƙuri'ata dai tana hannuna. Ranar zaɓe ni da Allahna ne a cikin akwatin nan.”

Ba a musu da babba gaban baƙo, sai na ja bakina. Ya zana sunansa, ya raka ta har matakala, ya dawo yana jin daɗin ya yi wa kamfani wayon Zazzagawa.

Ba a rufa sati biyu ba ina tsaye a tasha, bas ta tsaya, na ga Kawuna. Fuskarsa ta cika gefen motar tun daga tagogi har taya, ga hular, ga ganyen yakuwa a bayansa. An rubuta sunansa, an ce direba ne mai ritaya kuma ɗan haya, an sa masa magana a baki cewa yana goyon bayan dokar kamfani. A kan layin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙi suka liƙa shi. Ban shiga motar ba, na bar ta ta wuce.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Rosa a ƙofarmu da ɗaya daga cikin kwalayen masu ƙyalli a hannu.

“Nawa suka ba ka?” take tambayarsa. “Faɗa mini kawai, nawa?”

“Wallahi ko kwabo,” in ji Kawu.

“To kai ka fi wanda aka biya wauta.”

Ta shige ta rufe ƙofa. A benen aka daina gaishe shi. Wani ya zuba masa shara a bakin ƙofa. Mutumin da ko gyatsa ba ya yi gaban mutane, ya koma sai ya leƙa ya ga babu kowa sannan ya sauka.

Ranar Litinin ya sa babbar riga, na raka shi ofishin ƙungiyar maƙwabtan. Wani hawa ne a dogon gini na gilashi, babu maƙwabci ko ɗaya, sai samari masu tsadar takalma da injin kofi. Wani daga cikinsu ya saurare mu da ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya juyo da allon kwamfuta, ga sa hannun Kawu. Ya danna wani wuri, ga muryar Kawu, ashe yarinyar tana naɗa: oke, oke, oke.

“Ranka ya daɗe, ka amince,” ya ce.

Kawu ya gyara zama, ya shiga yi masa bayani da Turancinsa mai kyau. Ya ce a garinsu in baƙo ya zo maka da buƙata ba a ce masa a'a a fuska. Akwai kalmar da ake faɗa, ma'anarta na ji, na girmama ka, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Ya ce wannan kalmar ya faɗa, ba amincewa ba. Ina kallonsa, dattijo mai furfura, yana koya wa sa'an ɗan cikinsa tarbiyyar Ƙofar Jatau, shi kuwa yaron yana gyaɗa kai yana satar kallon agogo.

“Al'ada mai ban sha'awa,” ya ce. “Sai dai an riga an biya kuɗin tallar har zuwa ranar zaɓe.”

Ya ba mu ruwan gora, ya raka mu bakin lif. Mun je wurin wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi, ta ce ana iya shigar da ƙara, amma kafin a saurare mu an daɗe da ƙirga ƙuri'a. Kawu ya tashi a masallaci bayan sallar Juma'a ya yi bayani, waɗanda suka tsaya suka ji. Bas kuwa tana zaga gari tun asuba.

Ranar zaɓe ya je da sassafe, ya ce e ga ta 'yan haya, ya ce a'a ga ta kamfani, kamar yadda ya yi niyya tun farko. Ƙuri'a ɗaya ke nan. A bakin rumfar wani tsoho ɗan Somaliya ya rungume shi, ya ce shi bai gane kan tambayoyin nan ba, amma da ya ga Alhaji a jikin mota ya san inda gaskiya take, har matarsa da 'ya'yansa ya gaya wa. Kawu ya ce masa ya gode. Ya shiga mota ya dawo gida.

Dokokin biyu duk sun samu rinjaye, don mutane da yawa sun ga duka alheri ne suka ce e, e. Ta kamfani ta fi yawa, ta 'yan haya ta mutu. A talabijin wani mai farin haƙori ya fito yana cewa jama'a sun yi magana. Na tsani mutumin nan har yau, ban ma san sunansa ba. Ɗan siyasar garinmu ɓarawo ne, amma in ya ci zaɓe ya san da wa ya ci, wani lokaci har kunya yake ji ya zo gaisuwar mutuwa. Waɗannan sun ɗauki fuskar mutum sun kore shi da ita daga gidansa, kuma a dokarsu babu laifin da suka yi.

Takardar ƙarin haya ta zo da bazara. Ko da na haɗa abin da nake samu a gidan kula da tsofaffi, ba mu kai ba. Tallafin dattawan da aka yi ta talla, da muka nema aka ce benenmu ba ya ciki. 'Yarsa ta ce ya koma wurinta, ya ce ba zai kwana a falon suruki ba. Ya ce gida zai tafi.

Ranar da muke ɗaure kaya Rosa ta shigo ba sallama, ta ɗauki tsintsiya ta hau shara. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Da za ta fita ta ɗauki bokitin yakuwa ɗaya ta ce ba za ta bar wa kamfani ba. Ni a kujerar falonta na ƙarasa karatuna, kafin ita ma su tayar da ita ta koma wurin ɗanta.

Da na dawo Zariya, kwana biyu na yi na tafi Ƙofar Jatau gaishe shi. Ɗakin da zai gada an daɗe da rushe shi an yi wa wani ango gini, sai aka kwashe buhunan masara daga wani ƙaramin ɗaki kusa da zaure aka sa masa gado. Ya rame, amma hular tana nan a karkace yadda yake sa ta. Ina shiga zauren na ɗaga kai na ga abin da ke bango. Hoton bas ɗin ne, an wanke shi babba, an sa masa gilashi, an rataye a saman inda baƙi ke zama. Wani ne ya turo wa 'yan gidan ta waya tun lokacin, suka yi ta alfahari, Kawunsu ya zama babban mutum har Turawa na yawo da shi a mota. Bai gaya wa kowa komai ba.

Ƙaninsa, Kawu Sani, yana zaune da abokansa biyu. Ya ce, “Yawwa, ga 'yar Amurka. Kulu, karanta mana abin da aka rubuta a ƙasan nan. Yaran gidan nan kowa da fassararsa, Yaya kuma in an tambaye shi sai ya ce ya manta.”

Na dubi Kawu Tanimu. Yana jan carbi, idonsa a ƙasa.

“Karanta musu,” ya ce.

Na karanta da Turanci, sannan na mayar da Hausa: “A gidan nan na tsufa. Wannan doka za ta bar ni a cikinsa.”

“Masha Allah,” in ji ɗaya daga cikin baƙin. “Ka ga ƙasar da ta san darajar tsoho.”

Kawu Sani ya jinjina kai, ya juya ga yayansa. “Af, ni ban taɓa tambaya ba ma. Gidan fa, Yaya, da ka taho? Haya ka bayar?”

Kawu ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya mayar da carbinsa aljihu.

“E,” ya ce. “An ba da shi haya.”